Ɗan damfara, ɗan sanda da dukiyar 'yan Nazi: tambayoyi da amsoshi kan shirin White Collar

Gargaɗi tun daga bakin ƙofa: wanda bai kalli shirin ba, kuma ba ya son a ɓata masa kallo, gara ya dakata a nan. Amsoshin da ke ƙasa sun tona asirin labarin tun daga kashi na farko har na ƙarshe.

Wane irin shiri ne wannan?

Shirin talabijin ne na Amurka mai dogon zango, wanda tashar USA Network ta nuna daga Oktoban 2009 zuwa Disambar 2014. Zango shida ne, kashi 81, kuma Jeff Eastin ne ya ƙirƙiro shi. Sunansa ya samo asali ne daga laƙabin da Turawa ke yi wa laifuffukan masu farar riga, wato waɗanda ke sata da biro da takarda da daɗin baki: damfara, jabun takardun kuɗi, satar zane-zane masu tsada.

Jarumin shi ne Neal Caffrey, wanda Matt Bomer ya fito a matsayinsa, gwanin haɗa jabu ne mai hannun zane. Jami'in FBI, hukumar binciken manyan laifuffuka ta Amurka, Peter Burke (Tim DeKay) ya shafe shekara uku yana bin sawunsa kafin ya kama shi. An yanke masa shekara huɗu, saura 'yan watanni ya gama sai ya tsere daga kurkuku don neman budurwarsa Kate. Bai tarar da komai a gidanta ba sai kwalba wadda babu komai a ciki. A nan Peter ya same shi zaune a ƙasa, ko yunƙurin gudu bai yi ba. Da aka ƙara masa wata shekara huɗun, sai ya kawo tayi: a fito da shi ya riƙa taya FBI kama irinsa, a ɗaura masa na'urar bibiya a idon sawu, kada ya wuce mil biyu, wato kilomita uku da ɗoriya, a cikin birnin New York. Mari ne dai na zamani, sai dai wannan ba ya ƙara in ana tafiya.

To ina batun ɓoyayyiyar dukiya ya shigo cikin labarin 'yan sanda?

Kowane kashi yana da nasa laifin da ake warwarewa cikin minti arba'in da 'yan kai. Amma a ƙarƙashin waɗannan akwai wani dogon zare da ake ja a hankali. A zango na 1, zaren shi ne wani akwatin kiɗa da aka ce na sarauniyar Rasha Catherine ne, an yi shi da amba, daskararren ƙaron itacen nan mai ruwan zuma. Kowa yana nemansa, ba a san dalili ba. A ƙarshen zangon jirgin saman da Kate ke ciki ya tarwatse a gaban idon Neal.

A zango na 2 aka gano cewa akwatin yana ɓoye da wani kiɗa na biyu, kiɗan kuma lissafi ne, lissafin kuma shi ne taswirar haɗa wata eriya. Eriyar ita ke kamo siginar wani jirgin ƙarƙashin teku na Jamus da ya nitse kusa da gaɓar New York a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, cike da zane-zane da gwala-gwalan da 'yan Nazi suka wawashe. Mai neman jirgin ruwa a jallo shi ne Vincent Adler, tsohon ubangidan Neal, attajirin da ya cinye kuɗin masu zuba jari ya ɓace. Ba a banza aka gina shi haka ba: an kama Bernard Madoff, wanda ya damfari masu zuba jari a zahiri, a Disambar 2008, 'yan watanni kafin a fara nuna shirin, kuma raɗaɗin abin bai bar mutanen New York ba.

Adler ya tilasta wa Neal da Peter su buɗe jirgin, wanda aka ɗana wa nakiyoyi. Daga baya rumbun da aka jibge kayan ya kama da wuta, Peter ya harbe Adler, kowa ya ɗauka dukiya ta zama toka. Sai ga wani ɗan ƙyallen zane da ya ƙone rabi ya faɗo kusa da ƙafar Peter. Hoton dogon benen Chrysler na New York ne, kuma Peter ya taɓa ganinsa a ɗakin Neal.

Me ya sa marubutan irin wannan shiri suke son cusa farautar dukiya?

Dalili na farko na kasuwa ne. Shirin da ke rufe kowane laifi a mako guda ba shi da abin da zai ja mai kallo ya dawo mako mai zuwa, sai an rataya masa wani abu a gaba. Taswira, mabuɗi, lambobin sirri, kowanne yana buɗe ƙofa ɗaya ya nuna wata a rufe. Masu harkar fim suna da suna ga irin wannan abin da kowa ke bi a guje alhali shi kansa bai dami mai kallo ba, suna ce masa MacGuffin, kalmar da darakta Alfred Hitchcock ya yayata. Akwatin kiɗan nan MacGuffin ne tsantsa. Da za a musanya shi da agogo ko zobe, babu abin da zai ragu.

Dalili na biyu shi ne wanda ya fi damuna. Dukiya ma'auni ce. Mutum yana iya shekara goma yana cewa ya shiryu, ba wanda zai ƙaryata shi, domin babu abin da aka ajiye a gabansa. Ranar da aka ajiye, ranar ake sanin nauyinsa. Mun san wannan tun daga labarin da malamai ke bayarwa na matafiya uku da suka tsinci zinariya a daji, suka aiki ɗaya gari sayo abinci. Shi ya zuba guba a abincin, su kuma suka shirya kashe shi in ya dawo. Ba wanda ke tambayar nauyin zinariyar ko wa ya binne ta, mutanen ukun ake kallo.

Bambancin akwatin da jirgin ke nan. Akwatin ya sa Neal gudu daga nan zuwa can. Jirgin ya zaunar da shi ya tambaye shi wane ne shi.

Amma ai ba Neal ne ya sace dukiyar ba. Me ya sa Peter ya ɗora masa karan tsana?

Gaskiya ne, ba shi ya sace ba. Mozzie ne, amininsa, ya kwashe kayan kafin gobarar, ya zuba zane-zanen Neal a madadinsu don a sami abin da zai ƙone. Neal bai san komai ba sai da ya koma gida ya tarar da mabuɗi da adireshi a kan tebur. Ya je, ya buɗe, ya tsaya a tsakiyar dukiyar, murmushi ya suɓuce masa. Da wannan murmushin aka rufe zango na 2.

Wayon marubutan a nan yake. Lokacin da Peter ya tsare shi a bakin rumbun yana zarginsa, Neal ba shi da laifi, kuma zargin ya yi masa ciwo na gaske. Bayan awa kaɗan ya zama mai laifi, ba na sata ba, na ɓoyewa. Da aka sa shi a na'urar gane ƙarya aka tambaye shi ko ya sace, ya ce a'a, kuma bai yi ƙarya ba. Haka ya zauna da Peter tsawon rabin zango na 3, yana tsallake gaskiya kamar mai tsallake kwata da farar shadda. Mai kallo kuma an raba masa zuciya biyu: Peter ya yi zargi ba tare da cikakkiyar hujja ba, amma zarginsa yana kan hanya.

Neal ya canja hali da gaske, ko dai hali zanen dutse ne?

Wannan ita ce tambayar da shirin ya ginu a kanta, kuma amsar da ta fi ƙarfi tana cikin kashi goma na farkon zango na 3.

Shirin Mozzie mai sauƙi ne: a sayar da kaɗan, a sami takardun bogi, a gudu wani tsibiri inda hannun Amurka ba ya kaiwa. Har an tanadar wa Neal sabon suna, Victor Moreau, da sunan mahaifin Kate a ƙarshe. Cikas ɗaya ne. Wani shafi na takardar da ke lissafe da kayan cikin jirgin ya tsira, yana hannun Peter. Duk zanen da ke cikin wannan jeri, ranar da ya fito kasuwa ranar asirinsu zai tonu. Don haka Neal ya shiga gidan Peter da dare, gidan da ya sha cin abinci a cikinsa, ya buɗe akwatin ƙarfensa, ya ga takardar. Yana tsaye a ɗakin wayarsa ta yi ƙara. Peter ne, yana cewa in akwai abin da ke damunsa ya zo su yi magana. Da Mozzie ya tambaye shi daga baya, sai ya ce bai sami komai ba.

Ku dubi abin da ya faru a nan. Ya ci amanar Peter ta hanyar shiga gidansa, ya kuma yi wa Mozzie ƙarya, abin da bai saba ba. Ba tuba ya yi ba, domin bai kai kansa ba, bai mayar da ko cokali ba. Jinkiri kawai ya saya, saboda ya fara gane cewa ba ya son tafiya. Yana da ɗaki mai kallon birni a saman gidan June, dattijuwar da ta ba shi masauki, yana da tebur a ofis, akwai mutanen da ke jiransa da safe. Mutumin da bai taɓa zama wuri ɗaya da suna ɗaya ba ya sami inda ake kiransa da sunansa. Da Mozzie ya kife agogon yashi ya ba shi awa 48 ya zaɓa, sai ya ce zai zauna.

Abin da ya canja a wurin Neal shi ne abin da yake tsoron rasawa. Son kayan ƙawa, daɗin yaudara, jin cewa ya fi kowa wayo a ɗaki, duk suna nan daram har kashi na 81. A ganina wannan ya fi gaskiya a kan a ce an wayi gari ɓarawo ya zama liman. Marubutan da ke sauya jarumi gaba ɗaya a dare ɗaya suna raina mai kallo. Waɗanda kuma ba sa barin komai ya motsa a jikinsa tsawon shekara biyar suna gundurar da shi.

Zango na 4 ya ƙara haske. A nan aka ji cewa Neal ya tashi a St. Louis da sunan Danny Brooks, ƙarƙashin shirin gwamnati na ɓoye shaidu, ana gaya masa mahaifinsa ɗan sanda ne da ya mutu jarumi. Yana shekara 18 aka gaya masa gaskiya: uban yana raye, kuma gurɓataccen ɗan sanda ne. Wanda aka rene shi da sunan bogi, me zai hana ya ɗauki suna kamar riga?

Shi kuma Peter, yana nan yadda yake?

Ko kusa. Ni dai a wurina tafiyar Peter ta fi ta Neal nisa, sai dai ba a lura da ita saboda ba shi da hula mai kyau irin ta Neal.

An fara da shi a matsayin mutumin da komai nasa a kan layi yake: gida a Brooklyn, mata ɗaya Elizabeth, kare Satchmo, kwat ɗin da ya sa ranar da ya fara kama Neal ita ce a jikinsa ranar da ya sake kama shi. Imaninsa shi ne doka tana aiki in an bi ta. Dukiyar jirgin ce ta fara tsaga wannan imani. Ranar da Matthew Keller, tsohon abokin hamayyar Neal, ya sace Elizabeth ya ce a ba shi dukiyar ko ya kashe ta, Peter ya shaƙe Neal a jikin bango, sannan ya zauna da shi da Mozzie suka tsara sata. Jami'in FBI da kansa.

A ƙarshen zango na 3 an zauna duba yiwuwar sassauta wa Neal hukunci. Kramer, jami'in FBI da ya koya wa Peter aiki, ya zo daga Washington da niyyar ɗaure Neal da sababbin tuhume-tuhume ya tafi da shi ya yi masa aiki har abada. Peter yana tsaye a matakalar gini, ya hango Neal daga nesa, ya girgiza masa kai kaɗan. Iyakar abin da ya yi ke nan. Neal ya yanke na'urar ƙafarsa ya hau jirgi. Mutumin da ya kama shi sau biyu shi ya ce masa gudu. An buɗe zango na 4 da Neal a tsibiran Cape Verde da ke yammacin gaɓar Senegal, ko da yake a Puerto Rico aka ɗauki wuraren.

Mozzie mugun aboki ne ke nan?

Masu kallo da yawa sun ji haushinsa a zango na 3, kuma da dalili. Shi ya jawo rigimar, shi ya sayar da zanen Degas ba da sanin Neal ba, har sai da Neal ya zana jabunsa ya musanya, ya diro daga saman bene da lema. Amma a tuna wane ne Mozzie. Maraya ne da aka tsinta, ya tashi a gidan marayu a Detroit, bai yarda da gwamnati ko asibiti ko banki ba. Mozzie ba ya ma kiran Peter da suna, sai dai Mai Kwat, Elizabeth kuma Matar Mai Kwat. Mutum ɗaya yake da shi a duniya, yana kuma kallon masu kwat suna janye masa shi a hankali. Tsibirin nan hanyarsa ce ta riƙe abokinsa. Da ya ji an sace Elizabeth, wadda yake ƙauna tsakani da Allah, ya dawo ya sallama dukiyar duka.

Willie Garson, wanda ya fito a Mozzie, ya rasu a Satumbar 2021. Diahann Carroll, wato June, ta riga shi a 2019.

Akwai ƙamshin gaskiya a labarin jirgin da akwatin?

Jirgin da akwatin ƙirƙira ne, amma an ɗora su a kan tarihi na gaske.

Ɗakin Amba, wani ɗakin fada da aka lulluɓe bangayensa da amba, wanda aka jingina akwatin da shi, ya wanzu. An fara aikinsa a Prussia a 1701, sarkinta Frederick William na I ya ba Peter Mai Girma na Rasha kyautarsa a 1716, daga baya aka kafa shi a fadar Catherine da ke Tsarskoye Selo kusa da St. Petersburg. Sojojin Jamus sun ɓamɓare bangayensa a 1941 suka kai Königsberg, garin da yau ake kira Kaliningrad. Daga ƙarshen yaƙin ba a sake ganinsa ba. Wanda masu yawon buɗe ido ke gani yanzu kwafi ne da aka buɗe a 2003.

Wawashe kayan tarihi kuwa 'yan Nazi sun yi shi da tsari, da ofisoshi da rajista. A Afrilun 1945 sojojin Amurka suka shiga wata mahaƙar gishiri a Merkers suka tarar da zinariyar babban bankin Jamus da zane-zanen gidajen tarihin Berlin. A Altaussee ta Ostiriya ma an sami dubban zane-zane a wata mahaƙar. Jiragen ƙarƙashin teku ma suna da nasu labarin: U-530 da U-977 sun ɓulla a Ajantina a Yuli da Agustan 1945, watanni bayan Jamus ta miƙa wuya, abin da ya haifar da jita-jitar da har yau ba ta mutu ba. A 1991 masu nutso suka ci karo da gawar wani jirgin Jamus a tekun New Jersey, daga baya aka tabbatar U-869 ne. Babu zinariya a cikinsa, sai ƙasusuwan matuƙansa.

Abin mamaki, shirin yana kan tafiya gaskiya ta kusa kamo shi. A Nuwambar 2013 duniya ta ji cewa hukumomin Jamus sun kwashe zane fiye da 1,200 daga gidan wani tsoho a Munich, Cornelius Gurlitt, ɗan wani dillalin da ya yi wa 'yan Nazi aiki. Ba taswira, ba lambar sirri, binciken haraji ne ya kai su. A ɗaya ɓangaren kuma, a 2015 wasu mutum biyu suka ce sun gano jirgin ƙasa cike da zinariya a binne kusa da Wałbrzych a Poland. Aka haƙa a 2016, ba a sami komai ba sai ƙasa.

Dukiyar ta wa ce? Shirin ya taɓa wannan tambayar?

Ya taɓa ta da ɗan yatsa ya janye, kuma nan ne babban ƙorafina. Tsawon kashi goma Neal da Mozzie suna kallon kayan ta kyamara a kwamfuta kamar manomi yana duba rumbunsa. Damuwarsu ɗaya ce, kada a kama su. Da wuya ka ji an tsaya a kan cewa kowane zane a ɗakin nan daga bangon wani aka cire shi, kuma da yawa daga masu irin waɗannan kayan ba su fita daga sansanonin 'yan Nazi da rai ba. Marubutan sun karkatar da yawancin dukiyar zuwa gidajen tarihin Rasha, ina jin don kada mai kallo ya tsani jarumin. A zahiri kuwa tun 1998 ƙasashe 44 suka amince a Washington da ƙa'idojin gano irin waɗannan kaya da mayar da su ga magada, kuma har yau ana shari'o'i a kai.

Ɗan Najeriya ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Kayan tagullar Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897 sun shafe fiye da ƙarni a gidajen tarihin Turai, sai a 2022 Jamus ta sa hannu kan mayar da mallakar sama da guda 1,000. Wanda ya san wannan, in ya ga Neal yana murmushi a tsakiyar rumbun, murmushin ba ya yi masa daɗi kamar yadda aka so.

Yadda aka rufe batun dukiyar ya gamsar?

Rabi da rabi. Kashin da aka ceto Elizabeth yana da kyau, musamman da ba ta zauna jiran maza ba, ita ta yi dabarar fasa tagar da aka kulle ta. Neal, wanda ya tsani bindiga, ya harbi Keller a ƙafa don ceton Peter. Bayan haka ya shirya amsa laifinsa, ya san kurkuku zai koma. Sai ga Keller ya riga shi, ya ce shi kaɗai ya sace, wai don ya mayar wa Rasha kayanta, saboda hakan zai wanke shi a wurin 'yan Rashan da ke nemansa.

Dabara ce mai kyau a takarda, amma ta kuɓutar da Neal daga biyan bashin da labarin ya ɗora masa. Ya yi niyya, ba a bar shi ya cika ba. Dalilin a fili yake: in ya koma kurkuku babu zango na 4. Irin wannan shiri kullum yana tsakanin buƙatu biyu, labari yana son sakamako, tasha tana son a dawo ofis ranar Litinin kamar ba a yi komai ba.

Matan cikin shirin fa?

Kate ita ce mafi rauni, ba laifin Alexandra Daddario da ta fito a matsayinta ba. An rubuta ta ne a matsayin abin nema, kusan ita ma akwatin kiɗa ce mai ƙafafu. Alex Hunter, dillaliyar kayan sata kuma tsohuwar abokiyar Neal, ta fi ta jini a jika, kuma tana da haƙƙi a labarin tunda kakanta yana da alaƙa da jirgin. Sara Ellis, mai binciken inshora da ta yi soyayya da Neal, ita ta fi kowa hankali: ta buɗe kwamfutar Neal, ta ga dukiyar, ta tattara kayanta ta tafi ba tare da ta tona shi ba. Ta gane cewa mutumin da ke ajiye da hanyar gudu a aljihu ba a gina gida da shi.

Zango na 5 ma akwai farautar dukiya. Me ya sa ba ta kama zuciya kamar ta farko ba?

An sake zuba kayan miyan duka: tsohon littafi mai babi na sirri, tagar gilashi mai launi, alamomi, da lu'ulu'un da aka ce tagwayen Hope ne. Hope ɗin na gaske ne, shuɗi mai nauyin karat 45.52, yana gidan tarihin Smithsonian a Washington tun 1958. Tagwayen nasa ne ƙirƙira.

Matsalar ita ce babu abin da lu'ulu'un ke tambayar Neal. Ba ya kwaɗayinsa yadda ya yi kwaɗayin kayan jirgin, tilasta masa aka yi ya nema. Curtis Hagen, wani mai haɗa jabu da Neal ya taya Peter kamawa a kashi na farko, ya riƙe shi da barazana, bayan Neal ya haɗa shaidar bogi don fitar da Peter daga tuhumar kisan Sanata Pratt, kisan da mahaifin Neal ya yi ya gudu. Abin da ke da rai a zangon shi ne wannan: Peter ya sami 'yancinsa ta hanyar jabu, ya kuma gano haka, ya rasa yadda zai yi da kansa. Sai kuma Rebecca, wadda Neal ya faɗa sonta, ashe tsohuwar jami'ar leƙen asirin Ingila ce da ta karance shi ta gina kanta daidai da abin da zuciyarsa ke so. An damfari ɗan damfara da irin salonsa. Duk lokacin da aka koma kan warware alamomin littafin, ni dai hannuna yakan tafi neman waya.

FBI tana aiki da masu laifi haka da gaske?

Tana amfani da masu ba da bayanan sirri, cikinsu har da waɗanda aka taɓa ɗaurewa, kuma tana da rukuni na musamman kan satar kayan fasaha tun 2004. Amma fursuna mai tebur a ofis, yana shan inabi a saman bene yana sanye da kwat ɗin marigayi mijin mai gidansa, wannan na talabijin ne. Aikin gaske ya fi haka jan rai. Zane da kayan tarihi 13 da aka sace a gidan tarihin Isabella Stewart Gardner na Boston a 1990 har yau ba a gano su ba, duk da ladan dala miliyan 10.

A ƙarshe Neal ya shiryu ko bai shiryu ba?

A zango na 6, mai kashi shida kacal, ya shiga cikin gungun ɓarayin Pink Panthers, sunan da aka aro daga wani gungu na gaske mai tushe a yankin Balkan, bisa yarjejeniyar cewa in an kama su za a sake shi. Amma ya riga ya ga yadda hukuma ke saɓa alkawari, ya kuma san gungun ba ya yafe wa maci amana, har iyalansa da abokansa yake bi. Sai ya shirya mutuwarsa. Keller ya harbe shi, Peter ya harbe Keller, Peter da Mozzie suka ga gawa a asibiti suka yi kuka na gaske.

Bayan shekara guda, Peter da Elizabeth suna da ɗa mai suna Neal. Aka ajiye wa Peter kwalbar inabi a bakin ƙofa, irin saƙon da aka buɗe shirin da shi. Ya bi alamar har zuwa wata kwantena, ya tarar da duk kayan da aka haɗa mutuwar bogin da su, ya yi murmushi. Farautar ƙarshe ke nan a shirin, kuma abin da ke ƙarshenta mutum ne. Sai aka nuno Neal a wani titi a Paris, da hularsa.

Wanda ke son ya ce ya shiryu yana da hujja: ya bar gida da suna da duk wanda yake ƙauna don kada a taɓa su. Wanda ke son ya ce bai shiryu ba shi ma yana da tasa: ya bar amininsa yana zuwa kabarin da babu kowa a ciki tsawon shekara, kuma a cikin kwantenar akwai jarida mai labarin sabon tsarin tsaro da aka sa a gidan tarihin Louvre na Paris.